Gurbin Sunan Gari

Ƙanena Yafet, tun yana lakwal, wato makarantar boko, a Tanut, ba a barin rediyo kusa da shi, sai ya kwance ta. Ya yi karatun kwamfuta a Yamai, ya dawo gida yana rubuta manhaja ga mutanen da ba mu taɓa ganin fuskarsu ba. Ɗakinsa kuwa sai ka riƙa ɗaga ƙafa, wayoyi da matattun batura ko'ina. Har randar gidansa ya maƙala wa wani abu mai kuka in ruwa ya yi ƙasa. Matarsa Mikal ta ce ita ma ai Allah ya ba ta ido.

Shekarar da damina ta yi gardama, wani proje na masu ba da agaji ya ba shi aikin manhajar rajistar makiyaya, don a raba musu dusa. Cikin sati uku ya gama, yana ta washe baki. A tambayoyin ya sa gurbin sunan gari, ya kuma ɗaure shi tam: in ba a zaɓi gari daga jeri ba, rajista ba ta wucewa. Ɗan manomi ne, a ganinsa kowa da garinsa.

Rissa ba shi da gari. Ba'abzine ne, makiyayi, shekara talatin yana sauka da garkensa a gonar babanmu Akila bayan girbi, dabbobi su ci kara su bar mana taki. Sau biyu ya bi layin rajistar a Belbeji, sau biyu ma'aikaci yana ce masa na'ura ta ƙi shi.

Labarin ya zo wa Yafet a makare. Ya ce gyaran bai fi minti biyar ba, amma kwangila ta ƙare, an rufe masa hanyar shiga. Ya kira, ya rubuta, aka ce za a duba a taro na gaba. Ni har yau in na tuna taron nan sai raina ya ɓaci. Kafin masu biro, manyan ofis, su zauna, rani ya gama da garken.

Da kaka ta zagayo, Rissa ya iso da awaki bakwai da jaki guda. Babanmu ya shimfiɗa masa tabarma, Yafet ya zo ya durƙusa ya gaishe shi.

"Ɗan Akila," in ji Rissa, "an ce kai ma ka san kan na'urorin nan."

"Kaɗan dai, Baba."

"Wanda ya ƙera waccan ta Belbeji, ban riƙe shi a zuciya ba. Baƙo ne daga nesa, bai san mu ba. Da ɗanmu aka ba, irinka, da yanzu raƙumana na nan."

Yafet ya sunkuyar da kai ya ce, "Haka ne, Baba."

Kaka uku ke nan Rissa yana zuwa, yana sa masa albarka. Yafet bai faɗa masa ba. Ni ma, da duk surutuna, ban faɗa ba.