Ƙunshi Mai Jan Zare

Shekara ashirin da bakwai Mainasara ya yi yana rarraba saƙonni a ofishin wani kamfanin aike a tashar Wurno. Bai cika duba rubutu ba. Ɗaurin kaya kawai zai kalla ya ce, "Wanga Kwargaba za shi, wancan Sisawa."

Duk wata Kaka Kulu, tsohuwa mai sai da daddawa, kan kawo ƙunshi ɗaure da jan zare, babu suna.

"Kaka, wa za a kai ma?" yakan tsokane ta.

"Ka sani sarai, ja'iri. Wancan na Goronyo."

Attahiru take nufi, mai dakon albasa, ɗanta na fari. Uwa kuwa ba ta kama sunan ɗan fari. Mainasara ma, don kara, bai taɓa rubutawa ba. Da hannunsa yake miƙa wa direba.

Bara kamfanin ya kawo na'ura mai ido. Ko babu sabis tana karanta adireshi, ta kunna fitila a kan kwandon garin. Wata biyu Mainasara yana koya mata sunayen ƙauyuka. Da ta iya, aka sallame shi, aka ɗauki sabuwar ma'aikaciya, Raihana. Zancen jan zare ne bai faɗa wa kowa ba.

Da damina Attahiru ya kwanta ciwo. Kulu ta ƙulla garin kunu da saiwoyin magani, ta kai tasha.

"Kaka, sunan mai shi?" in ji Raihana.

"Sun sani," ta ce, ta juya.

Na'ura ba ta ga rubutu ba, ta kunna fitilar kwandon kayan da ba su da mai su.

Bayan kwana goma sha tara Attahiru ya rasu. Mainasara ya je gaisuwa. Kulu ta jawo shi gefe.

"Ko ya samu ya sha kunun?"

Ya wuce tasha, ya tarar da ƙunshin a ƙasan kwando, ya dawo da shi ya durƙusa.

"Laifina na, Kaka."

Ta daɗe tana shafa zaren.

"Ɗiyanai na can, su sha. Kana da biro?"

"Mi za a rubuta?"

"Attahiru," ta ce a hankali.

Ya rubuta, ya kai wa Raihana. Fitilar Goronyo ta kama.