Matar da Ba Ta Zama

A duk taron suna da muka yi a Saint-Fons, kusa da Lyon, a shekarun farko, akwai mace ɗaya da ban taɓa gani a zaune ba. 'Yar Maraɗi ce, ta girme ni, Yaya nake ce mata. Mijinta yana aiki a ɗaya daga cikin masana'antun da ke bakin kogi. Mu muna baje a kan kafet muna cin shinkafa da naman mutane, ita tana tsaye a ɗakin girki tana wanke-wanke. Kowa yana yabonta, wai ba ta da son jiki. Har tsiya nake mata, ina cewa ko kujerun Faransa sun yi mata laifi ne.

Lokacin ina aikin kula da marasa lafiya a wani asibiti a Lyon, kuma aikin ya koya mini kallon faranti. Na lura ba ta cin abin kirki, loma biyu ta sha ruwa. Da na matsa mata sai ta ce basir ne. Mu kuwa basir ba abin kunya ba ne, duk wadda ta je gida sai ta dawo mata da ƙullin sassaƙe. Ta sha jiƙo har ta gaji, kullum ƙara ramewa take.

Ba wai ba ta zuwa likita ba ne. Tana zuwa, amma ba ta jin Faransanci, mijin ne tafinta. Likita ya yi tambaya, shi ya amsa, su karɓi magani su dawo.

Wata ranar Laraba, yana wurin aiki, ta kira ni. Ko gaisuwa ba ta ƙarasa ba ta ce, "Ƙanwata, ki raka ni wurin likita mace. Amma ki rantse abin da kunnenki ya ji, nan za shi tsaya."

A cikin bas ta faɗa mini, tana riƙe da ƙarfe, idonta a kan titi. Tun bayan haihuwarta ta uku mijin ya ce ɗakin ya yi musu kaɗan, ba ya son wani ciki, kuma bai yarda da ƙwayoyin tsarin iyali ba. Sai ya koma neman ta ta baya. Tana jin zafi, tana zubar da jini, shiga bayan gida ya zame mata tashin hankali, shi ya sa ta rage ci. Abin da ya fi cin ranta shi ne sallah, tana ganin ita ma mai laifi ce. Raina ya ɓaci, amma ban nuna mata ba don kada ta fasa.

Likitar ta duba ta a hankali. Ta ce tsagewa ce a bakin dubura, kuma tana warkewa idan aka bar wurin ya huta. Ta rubuta man shafawa da abin da ke tausasa bayan gida, ta ce ta ci abinci sosai, ta sha ruwa, ta riƙa zama cikin ruwan ɗumi. Ta bayyana cewa wurin ba ya jiƙa da kansa, don haka manyan da suka zaɓi yin hakan suna amfani da man santsi da kwaroron roba, suna bi a sannu, kuma da an ji zafi ake tsayawa. Ta ce akwai hanyoyin hana ciki da yawa da za ta iya zaɓa. Ni ce na mayar da duk wannan da Hausa, kalmomin da ko da uwata ban taɓa furtawa ba.

Sannan likitar ta ajiye alƙalami ta ce in tambaye ta ko ita tana son abin da mijin yake yi mata.

Na tambaya. Yaya ta dube ni, ba ta dubi likitar ba. Ta ce, "Wai dama ana tambaya?"

Ban iya fassara wannan ba. Kuka ne ya zo mini, ni da na zo taimako.

Bayan haka ta samu sauƙi. Ta ce wa mijin likita ta hana, shi kuma yana tsoron takardar likita fiye da hawayen matarsa. Ta yi ƙiba, ta koyi tsokana. A wani suna har ta zauna kusa da ni, ta cinye mini nama.

Da aka rage ma'aikata a masana'antar mijin, suka koma Paris. Waya ta yi ta raguwa har ta yanke. Shekaru bayan nan wani kwas ya kai ni can, na nemi gidansu a unguwar Goutte d'Or, hawa na biyar, babu lif. Ta rungume ni, na ji ƙasusuwan bayanta a tafin hannuna. Mijin yana falo yana kallon ƙwallo, ya amsa gaisuwata da fara'a. Na tambaye ta a hankali wa ke raka ta asibiti yanzu, ta nuna falon da haɓa.

Ta zubo mini tuwo da miyar kuka, ta jawo mini kujera.

Na ce, "Yaya, zauna mu ci."

Ta ce, "Ci abinki, ƙanwata. Ni na fi jin daɗin tsayuwa."