Ɗan Maraƙin Kaka da Faransancin Murna

A gidanmu na Lazare, nan Yamai, murhun Kaka Hannatu yana can kusurwar tsakar gida, gindin dogon yaro. Ita ce mahaifiyar babanmu. Bayan rasuwar kakanmu aka ɗauko ta daga wani ƙauye kusa da Dogon Dutsi, ta zo birni da tukunyarta ta ƙasa da littafin waƙoƙin majami'a wanda ba ta iya karantawa ba, amma ba ta yarda kowa ya taɓa. Kullum in an gama tuwo, kafin wutar girki ta mutu, takan ɗora tsohon kasko ta zuba yashi ta soya mana gyaɗa. Ni da yayana Dauda mu baje kan tabarma. Ƴaƴan maƙwabtanmu Zabarmawa su leƙo ta ƙofa, ta yafito su da hannu, su zo su cusa ƙafafunsu cikin namu.

Ba ta buɗe tatsuniya yadda sauran tsofaffi ke yi. Sai ta ƙwanƙwasa bakin kasko da mara ta ce, "Ga baƙuwa a ƙofa." Mu ce, "Ta shigo ta zauna." Daga nan muryarta ta yi ƙasa, har sai mun matso kafin mu ji.

Tana da tatsuniyoyi da yawa, amma wadda Dauda ya fi roƙo ita ce ta ɗan maraƙi. Wani manomi ne, makiyaya suka yada zango kusa da gonarsa, saniyarsu ta mutu ta bar ɗan maraƙi jariri. Da za su tashi suka bar masa shi. Ya samo madara ya zuba a tsohuwar ƙwaryarsa, ɗan maraƙi ya kau da kai. Manomi ya tafi kasuwa neman shawara. Mai sassaƙar ƙorai ya ce ai ƙwaryar ce ta tsufa, ya ba shi sabuwa mai zane. Ɗan maraƙi ya shure ta. Maginiyar tukwane ta ce ƙwarya wari gare ta, kaskon ƙasa ne ke sanyaya madara. Ɗan maraƙi ya shure shi. Maƙeri ya ce dabba tana son abu mai ƙyalli, ya ba shi tasa. Wannan ko kallonta bai yi ba, don ya riga ya kwanta, ba shi da ƙarfin shuri. Manomi ya rasa dabara. Ya zauna a ƙasa kusa da shi ya saki hannu, hannun kuwa duk ya jiƙe da madarar da ta zube. Can sai ya ji ana tsotson yatsansa. Bai motsa ba. A hankali ya jawo ƙwarya da ɗaya hannun, ya riƙa sauke yatsan har cikin madara, bakin ɗan maraƙi na biye.

Nan Dauda yakan katse ta, kullum da tambaya ɗaya. "To Kaka, wanne ya fi, ƙwarya ko kasko ko tasa?"

Ita kuma ta ce, "Je ka tambayi ɗan maraƙin." Ta sauke kasko ta raba mana gyaɗa, ta ce baƙuwa ta gaji, a bar ta ta kwanta.

Kaka ta rasu ina makarantar koyon jinya. Dauda ya tafi Kaduna koyon gyaran mota, ya zauna can ya yi aure. Matarsa ta rasu ta bar masa ƴa ɗaya, Murna, shi ya rene ta da hannunsa. Ni na yi aure na koma unguwar Bobiyel, ina aiki a wani ƙaramin gidan likita. Mukan yi magana da Dauda a salula, ya ce zai kawo mini yarinyar in gan ta, aiki ya hana. Shekarun baya kaɗan ciwo ya kama shi, bai daɗe ba Allah ya ɗauke shi. Na je na dawo da Murna, tana da shekara goma, da jakarta ɗaya da littattafanta na Turanci.

Na kai ta lakwal, wato makarantar bokon unguwarmu. Diraktan mutum ne mai sauƙin kai. Ya yi mata tambaya da Faransanci, ta dube ni. Ya ce, "Madam, shekara ta riga ta raba. In na karɓe ta yanzu, sai dai ajin farko, tare da ƴan shekara shida. In za ki iya koya mata a gida har a dawo daga babban hutu, ki kawo ta mu gwada ta." A Kaduna Murna tana cikin na gaba a ajinsu. Na dubi tsayinta, na tuna ƙananan kujerun ajin farko, na ce zan koya mata. Na roƙa a wurin aiki aka bar ni a aikin safe, don in samu yammaci.

To, da me zan koya mata? Ni na iya Faransanci, amma ban taɓa koya wa kowa ba. Kowa na tambaya yana da amsa. Wata abokiyar aikina ta ce zamanin littafi ya wuce, ta cika mini salula da bidiyon wata Baturiya mai waƙa da tafi. Wata mata a majami'armu ta kawo littafi mai sheƙi da aka aiko mata daga waje, cike da hotunan ƙanƙara da jirgin ƙasa da yara sanye da manyan riguna. Maƙwabcina ya ce duk wannan wasa ne, a samo mai koyarwa, ya haɗa ni da wani ɗalibin jami'a da ke bin gidaje. Na karɓi duka.

Murna ba ta yi gardama ba. Ta kalli bidiyon, ta buɗe littafin, ta zauna gaban ɗalibin da hannuwa a cinya. In an ce ta maimaita, ta motsa leɓe ba a jin komai. Tun da muka baro Kaduna ban ga hawayenta ba, ban ga dariyarta ba. Maigidana direba ne, rabin wata yana kan hanya, ƴaƴana sun girma sun bar gida, don haka mu biyu ne kawai, gidan shiru kamar ba kowa. Wata rana ɗalibin ya tattara takardunsa ya ce mini da Faransanci, a gabanta, kan yarinyar nan yana da tauri. Ba ta ji kalmomin ba, amma ta ga fuskarsa.

Da ya fita ta ce, "Anti, ki mayar da ni Kaduna."

Na ce, "Wurin wa, Murna?"

Ta miƙe. Ta shiga ɗaki, ranar ko tuwo ba ta ci ba.

Washegari da magariba aka ɗauke kuran, wato wutar lantarki, unguwa ta yi duhu, ɗaki ya yi zafi. Na hura gawayi a tsakar gida na ɗora miya, ta fito ta zauna nesa da ni. Shirun ya yi mini nauyi. Ban yi niyyar komai ba, na ji bakina ya fara ba da labarin manomi da ɗan maraƙi, kamar da wutar nake magana. Ina zuwa wurin mai sassaƙar ƙorai sai na ji murya daga cikin duhu.

"Ba haka ba ne, Anti. Baba ya ce maƙerin ne na farko."

Na ce, "Ya ba ki wannan tatsuniyar?"

"Kullum. In ya gama ni ce mai tambaya wanne ya fi."

"Ya ce miki me?"

"Ya ce in je in tambayi ɗan maraƙin."

Kafin ta rufe baki kuka ya ƙwace mata. Na tashi na koma kusa da ita na zauna a ƙasa, muka yi kukanmu tare har miya ta kama.

Bayan kwana biyu, ina wanke kwanoni, ta tsaya a bayana ta ce, "Anti, yaya ake cewa ɗan maraƙi da Faransanci?" Na ce, "Veau." Ta ce, "Shi ke nan? Kamar kukansa." Ta tambayi madara, ta tambayi hannu, ta tambayi kasuwa. Muka riƙa ba juna tatsuniyar da yamma, rabi Hausa rabi Faransanci, duk kalmar da ta kama mu bar ta a wurinta. Na sallami ɗalibin cikin mutunci.

Ranar Asabar muka tafi kasuwar Katako tare. Bayan masu katako akwai wani dattijo Bazabarme da ke shimfiɗa tsofaffin littattafai a kan buhu. Na gaishe shi da Zabarmanci na ce fofo, ya amsa da Hausa, ya miƙo mini wani ƙaton littafin nahawu ya ce da shi manyan ƙasar nan suka yi karatu. Kafin in buɗe shi, Murna ta riga ta tsuguna tana tono. Ta fito da wani siriri wanda bangonsa na baya ya cire, labaran dabbobin dajinmu ne, da hoton kura da zomo da shanu masu dogon ƙaho.

Dattijon ya ce, "Madam, wannan na ƙananan yara ne."

Na ce, "Shi take so, Baba."

Na ƙara da littafin koyon haɗa baƙaƙe irin na lakwal, da allo da alli. Da waɗannan muka yi aiki. Bidiyon salula muka mayar da shi na jin yadda ake furta kalma, don Faransancina har yau da ƙamshin Dogon Dutsi. Littafin ƙanƙara ya zauna kan kabad har ranar da ta sauko da shi da kanta. Daga baya ƴar maƙwabcina ta fara zuwa wasa, na ji su ta taga suna faɗa kan igiyar tsalle da Faransanci, na yi kamar ban ji ba.

Da aka koma lakwal suka gwada ta. An sa ta aji ɗaya ƙasa da sa'o'inta. Na so fiye da haka, na ɗan ji ciwo a raina, amma ita ko a jikinta. Ta dawo tana ba ni labarin wata yarinya da ta ba ta rabin gato, wato kek.

Yanzu in wata uwa ta tambaye ni wane littafi za ta saya ta koya wa ɗanta a gida, nakan gaya mata abin da muka yi amfani da shi, don madara ba ta zama a yatsa, dole a samu abin zubawa. Amma nakan tambaye ta kuma me yaron ya riga ya sani yake ƙauna, ta fara daga nan. Muna yara, ni na ɗauka manomin nan wayo ya yi. Sai da na girma na lura Kaka ba ta taɓa cewa ya yi dabara ba. Gajiya ya yi ya zauna kusa, shi ke nan. Ni ma da ban gaji ba, da wataƙila har yanzu ina yawon neman shawara.

Kwanan baya Murna na aikin gida a tsakar gida, ta ɗago kai ta ce, "Anti, Kaka Hannatu ta iya Faransanci?"

Na ce, "Kalma ɗaya ta iya. In masu ƴan baburan nan na mobilet suka wuce ƙofar gidanmu da gudu muna wasa, sai ta fito da zani a hannu ta ce musu dusuma, wato a hankali."

Ta yi dariya, ta goge allo ta rubuta shi yadda na faɗa. Na buɗe baki zan gaya mata ba haka ake rubuta shi ba, ta riga ni.

"Na sani, Anti. Wannan na Kaka ne."