Shekarar da Na Koyar da Kawuna

A tsakiyar shekarun alif ɗari tara da hamsin, ban daɗe da fita daga makarantar Midil ba, na samu aikin koyarwa a wata makarantar koyon aikin akawu da ke gindin Goron Dutse. Da safe ina aiki a wani kamfanin sayen fata da ƙirgi a wajen ganuwa, in an yi la'asar sai in hau keke in nufi makarantar. Ba wani gini ba ne na a zo a gani. Soro ne babba da ɗakuna biyu a bayansa, sai ɗan fili inda ake jingine kekuna a gindin cediya.

Mai makarantar tsohon akawu ne, ya daɗe yana yi wa Turawa aiki kafin ya ajiye. Kakanninsa daga Barno suka zo, amma shi haifaffen birni ne. Hedimasta muke ce masa, ko da yake malaman duka mu biyu ne. Shi ke koyar da buga tafireta, ni kuma lissafi da yadda ake rubuta littafin ciniki, abin da ya shigo da abin da ya fita. Mutum ne mara yawan magana, kullum da agogon aljihu a hannunsa, kuma bai yarda a taɓa masa doka ba.

Dokokinsa na ɗaukar ɗalibi sanannu ne a unguwa. Sai wanda ya gama aji huɗu na elemantare ya zo da takardarsa. Sai matashi, bai ɗaukar magidancin da ya manyanta. Sai kuma an samu wani dattijo ya tsaya wa yaro. Bayan duk wannan sai ya zaunar da kai a soro, ya ba ka karatun boko ka yi da ƙarfi, ya jefo maka lissafin ka. Wajen sakamako kuwa, duk ƙarshen wata ana karanta makin kowa a gaban aji, a fara daga na sama a gangaro. A ƙarshen shekara dole ka ci darussan uku gaba ɗaya kafin ya sa hannu a takardarka. Wanda ya faɗi ɗaya ya faɗi duka, in yana so ya sake shekarar tun daga farko.

Ina cikin shekarata ta biyu a wurin kawuna ya ce yana son shiga. Ƙanen mahaifiyata ne, a Mandawari yake zaune, ya haura arba'in a lokacin. Sana'arsa ɗinkin aikin riga, irin na hannu da ake yi wa manya, kuma an san shi da kyan aiki. Amma idonsa ya fara ba shi wahala. An ba shi tabarau a asibiti, yana ganin rubutu da fuskar mutane, sai dai zaren siliki a kan saƙi ya fi ƙarfinsa. Rigar da a da yake gamawa kafin salla sai ta kwana a hannunsa har masu ita su gaji su karɓe. Ya shiga ajin yaƙi da jahilci ya iya karatu da rubutun boko, ya samu takardarsu. Da ita ya zo gidanmu wata Juma'a, a naɗe cikin hularsa.

Na gaya masa gaskiya cewa ba za a ɗauke shi ba, ga shekaru ga rashin takardar elemantare. Ya ce ya ji, ni dai in kai shi gaban mai makarantar. Inna, mahaifiyata, tana daga ƙofar ɗaki tana jinmu, na kuma san so take in kai shi.

Hedimasta ya karɓe shi da girmamawa, ya sa aka shimfiɗa masa buzu. Ya duba takardar ya mayar masa, sannan ya yi masa bayanin dalilin dokar. Ya ce ba raina manya yake yi ba. Ya taɓa ɗaukar magidanta a farkon buɗe makarantar, amma da an gyara musu kuskure a gaban yara sai su ji nauyi, su daina zuwa a tsakiyar shekara. Ga shi tafiretocin kaɗan ne, duk wanda ya zauna a kan ɗaya ya hana wani yaro ne.

Kawu ya saurara har ya gama, sannan ya ce, “Malam, ni an riga an gyara mini a gaban yara. Yaron shagona ne yake zura mini zare a allura yanzu. Wace kunya ta rage?”

Hedimasta ya daɗe yana juya agogonsa. Daga baya ya ce doka tana nan yadda take, ba zai rubuta sunansa ba. Amma akwai benci a bayan aji, babu dokar da ta hana mutum zama ya saurara. In ya jure har watanni suka ɗan tura, zai yi masa jarrabawar shiga kamar kowa.

Haka Kawu ya zama ɗan ajina. Ranar farko da na shigo, yara suka miƙe, shi ma ya miƙe da babbar rigarsa a can baya. Na rasa inda zan sa kaina. Mutumin da nake durƙusa wa in gaishe shi da safe, shi ne yake ɗaga hannu ya ce, “Malam, a sake maimaita wannan.” A gida kuwa bai canza ba ko kaɗan. Yakan aike ni sayen goro kamar yadda ya saba, in na daɗe ya yi mini faɗa.

Ya jure. Ruwa ko rana, daga Mandawari yake takowa a ƙasa, ya riga kowa zuwa. Da lokaci ya yi Hedimasta ya zaunar da shi a soro ya gwada shi. Karatun ya yi shi a hankali, yana bin layi da yatsa, lissafin ka kuwa bai ba shi wuya ba. Aka rubuta sunansa. Shekarun nasa dai Hedimasta bai sake ta da maganarsu ba, ni ma ban tuna masa ba.

Wahalata ta gaske ta zo a ƙarshen wannan watan, ranar karanta maki. Ni ke karanta na darussana. Na bi sunayen yara ɗaya bayan ɗaya ina gangarowa, na san inda nasa yake, na biyun ƙarshe. Tun da aka haife ni ban taɓa kama sunansa da bakina ba. Da na iso wurin sai na tsaya ina kallon sunan. Hedimasta yana tsaye a bakin ƙofa yana jira. Can dai na ce, “Kawu,” na faɗi makin. Wani yaro ya fara dariya, na kusa da shi ya zungure shi. Kawu ya amsa da “Na'am, Malam,” kamar an ba shi kyauta. Daga ranar duk ajin Kawu suke ce masa, har Hedimasta.

Yaran sun saba da shi fiye da yadda na zata. Yakan zo da gyaɗa a aljihu, yakan duba wuyan rigar yaro ya ce wa ya yi maka wannan ɗinkin, ya cuce ka. Su kuma suna ja masa layi a takarda da rula saboda ba ya ganin siraran layukan sosai. A littafin ciniki ya riƙa matsowa sama sannu a hankali. Ba haziƙi ba ne, yakan rikita gefen shiga da na fita, sai an yi ta maimaitawa. Amma in abu ya zauna masa ya zauna ke nan.

Tafireta ce ta ƙi shi. Yatsunsa sun saba da riƙon allura, a tattare suke aiki, sun ƙi bajewa a kan haruffa. Ga shi yawancin abin da ake ba su su kwafa da Turanci ne, shi kuwa ba ya jin Turanci. Yara suna kallon kalma su buga ta gaba ɗaya, shi sai ya sunkuya ya ɗauko harafi ɗaya, ya buga, ya koma ya ɗauko na gaba. Takardarsa takan fito tsaf babu kuskure, amma kafin ya kai rabi Hedimasta ya rufe agogo.

A jarrabawar ƙarshen shekara ya ci lissafi, ya ci littafin ciniki da daraja ta biyu, ya faɗi tafireta. Tun kafin a sanar na samu Hedimasta bayan yara sun watse. Na ce masa mutumin nan ya yi abin da babu wanda ya zaci zai yi, kuma aikinsa babu kuskure, sauri kawai ya rasa. Na roƙe shi ya ba shi ko daraja ta uku ce.

Ya ce in zauna. Ya ce duk yaron da ya fita daga nan ba shi da uba a kamfani, ba shi da kowa a ofis, takardar nan ce kaɗai gatansa. Ana ɗaukarsu ne saboda an san in ya sa hannu to yaron ya iya. Ran da aka zaunar da mai takardarsa a gaban tafireta aka ga yana lalube, ba shi kaɗai za a kora ba, duk na bayansa an rufe musu ƙofa.

“Ina son kawunka,” in ji shi. “Amma ba zan ɗauki abin yaran nan in ba shi ba.”

Na san gaskiya ya faɗa, kuma na ji haushinsa duk da haka.

Ranar da aka karanta sakamako Kawu ya zauna har aka gama, ya yi wa waɗanda suka ci barka, ya sa takalminsa ya tafi. Da aka koma sabuwar shekara bai zo ba. Inna ta daina zama hira da ni bayan cin abinci. Sau ɗaya kawai ta yi maganar, ta ce ita ba ta san boko ba, amma ba ta taɓa jin inda ɗa yana wuri aka kayar da kawunsa ba. Na yi ƙoƙarin yi mata bayani, ta ce in bar shi.

Bayan 'yan makonni Hedimasta ya ce in raka shi Mandawari. Muka tarar da Kawu a zaurensa, ya baza wata riga a cinya yana fama da ita a bakin haske. Suka gaisa sosai. Hedimasta ya ce ya zauna ya yi tunani, ya ga babu dalilin da zai sa mutum ya sake darasin da ya riga ya ci. Daga bana duk wanda ya faɗi abu ɗaya, shi kaɗai zai maimaita, kuma ba don Kawu kaɗai ya yi haka ba, har da yara biyu da suka faɗi lissafi. Kawu ya ce zai yi shawara. Ran Asabar sai ga shi ya riga kowa zuwa.

Ya sake shekara guda a kan tafireta. Ya ƙara sauri, kowa ya shaida, har yara suna tsayawa a bayansa suna kallon agogon Hedimasta suna yi masa addu'a a ƙasa-ƙasa. Amma da jarrabawa ta zo bai kai ba. Saura kaɗan, amma bai kai ba. Wannan karon ban je roƙo ba, shi ma Kawu bai nuna ɓacin rai ba. Ya ce yatsun sun faɗi iyakarsu, ya gode.

Washegari Hedimasta ya sa rigarsa ta fita, ya je ya ɗauki Kawu, suka taka har Ƙofar Ruwa wurin wani Alhaji mai fataucin goro da ke neman wanda zai riƙe masa littafi. Ni ba na wurin, Kawu ne ya ba mu labari. Ya ce Hedimasta bai ƙara ko kalma ɗaya a kan gaskiyarsa ba. Ya gaya wa Alhajin cewa wannan mutum ba shi da takardar makarantarsa, don bai iya tafireta da sauri ba, amma littafin ciniki ya iya shi, kuma shi ne shaida. Alhajin ya yi dariya ya ce shi ko tafiretar bai taɓa gani ba sai daga nesa. A ranar Kawu ya fara aiki.

Inna ta huce a hankali. Ba ta taɓa cewa ta yafe wa makarantar ba, amma da azumi ya zo ta sa an kai wa Hedimasta kunu da ƙosai, ta ce kada a ce daga ita ne.

Kawu ya daɗe a wurin Alhajin, har sai da idon ya kai ba ya ganin alƙalamin kansa, sannan ya miƙa littafin ga wani yaro da ya fito daga makarantarmu. Ni kuwa kamfani ya mayar da ni Gusau bai daɗe da fara aikin ba, na bar koyarwa. Makarantar ta ci gaba na wasu shekaru, har aka buɗe manyan makarantun kasuwanci yara suka koma can. Duk lokacin da na zo gida nakan tarar da su biyun bayan sallar Juma'a a zauren Mandawari, Hedimasta yana karanta wa Kawu jarida, Kawu yana musa masa abin da ke ciki.