Hancin Kawu Anza

Ku da kuka san Kawu Anza, kun san bai taɓa kai abu bakinsa kai tsaye ba. Sai ya cusa hanci cikin ƙoƙo, ya rufe ido guda, ya kurɓa, ya jujjuya a kumatu yana kallon sama kamar mai duban hadari. Sannan ya yanke hukunci, kuma kamar mutum yake kwatantawa: wannan budurwa ce mai kunya, waccan tsohuwa ce mai tsegumi. Ko ruwan randa bai tsira ba!

A ƙauyenmu, nan kusa da Tabla, mata biyu ke dafa burkutu lokacin, Tasalla da Lantana. Gidan da Kawu ya yaba, can mashaya ke kwarara ranar kasuwa, ɗayar kuwa ta wuni tana korar ƙudaje. Tasalla ta gaji da shan kaye, ta ce sai ta tona shi. Ta ɗebo ƙwarya biyu daga tukunyarta, ta ce ɗaya ta Lantana ce, ya faɗi wadda ta fi a gaban jama'a. Kawu ya kurɓi wannan, ya kurɓi waccan, ya ce bai tabbata ba tukuna. Ya sake. Ya kuma sakewa, har ƙwarya biyun suka ƙare ƙaf. Sai ya goge gemu.

"Tukunya guda ta, Tasalla. Tun kurɓin farko nig gane, ƙishirwa dai nika ji."

Sai shekarar da Isufu, yayana mai tuƙo motoci daga Kwatano, ya kawo masa kwalbar wiski. Ya yi ta zuba bayani: wai da wani hatsin Turawa ake yin ta, dangin alkama, kuma sai ta shekara da shekaru cikin gangar itace kafin a buɗe. Kawu ya sa aka shimfiɗa tabarma, ya sako rigar sallarsa, don a cewarsa baƙuwa ce daga nesa. Ya ƙi kofi, ya ce a zuba a ƙoƙonsa. Kurɓi ɗaya, idanu suka kawo ruwa, ya yi tari har akuya ta tsinke igiya. Muna ta riƙe dariya, shi kuwa ko a jikinsa. Da numfashi ya dawo, ya ce akwai yajin masoro a gaba, hayaƙin itace a tsakiya, ɗan zaƙi can baya yana laɓe. Jaruma ce, in ji shi, amma ba ta da zumunci, don ba a zagaya ta da ƙwarya. Abu ɗaya ne ya tsaya masa a rai.

"Isufu, mutanen ga ba su da abokai? Mi ad dalili giya ta shekara ba a sha ta ba?"

Sauran kwalbar, gwiwarsa ce ta shanye. Kullum sai ya shafa, yana yaba mata.

Da ciwon ciki ya kwantar da shi, likita a Filinge ya ce ko giya ko rai. Matarsa Inna Gambi ta ƙulle kayanta ta ajiye bakin ƙofa, ta ce ko giya ko ita. Rana ɗaya ya bari, ya kama salla, bai sake waiwaye ba. Sai dai masu dafawa ba su daina aiko masa ƙoƙo ba. Ya sunsuna, ya faɗi abin da ya rage, ya mayar. Labari ya kai kunnen liman, ya zo har gida yi masa nasiha. Kawu ya saurara da ladabi har ƙarshe.

"Malam, baki ya tuba, ciki ya tuba. Hanci dai shina bisa hanya, a yi mai haƙuri."

Liman ya yi dariya har rawani ya karkace. Kafin wata ya zagayo, shi da kansa yake aiko furar gidansa a ji ko nonon na kirki ne.

Ni ya riƙe tun rasuwar babana, a gindinsa na girma, amma ko sau ɗaya bai bari na kai ƙoƙon nan bakina ba. Ya ce mashayi guda ya ishi gida, kuma shi ya riga ya ɗauke mana.

Allah Ya yafe masa abin da ya wuce, Ya karɓi tubansa, Ya sanyaya makwancinsa. Amin.