Ɗaga Murya, Ba Sata Ka Yi Ba

Da la'asar ɗin Talata, 14 ga Nuwamba 1995, Nana A'isha ta aiko mini har unguwar Kalakla cewa mahaifinta, Ustaz Labaran, malamin Larabci a unguwar Dar Salam, ya rasu. Inna lillahi wa inna ilaihi raji'un.

Ustaz, kai ka buɗe mini baki. Mu 'ya'yan Hausawa a ƙarshen aji muke rakuɓewa, ko mun san amsa ba ma ɗaga hannu, don gudun yaran da Larabci ne harshensu su tsokane mu da baƙunta, su ce, "Ku ji Takari!" Harafin ain ya ƙi zama a maƙogwaronmu. Ranar da ka sa ni karatu, na zo kan "amal" mai nufin aiki, ta fito "amal" mai nufin fata. Aji ya kwashe da dariya. Sai ka ce, "Haisam bai ɓata ba, wanda ba shi da fata ba ya aiki. Ɗaga murya, ya waladi, ɗana, ba sata ka yi ba." Tun daga ranar karatu ya shiga raina, har ni ma na zama malami.

A bana ne ka zo gidana, ka rame, muryarka ta yi ƙasa. Ka ce sababbin malamai suna kwaikwayon harshenka a gaban yara, yaranmu kuma sun koma ƙarshen aji. "Zo ka gaishe su da Hausa," in ji ka, "su ga Takari ya zama ustaz. Sun daina yarda da ni, ni ma na fara shakkar kaina."

Na ce bukra, wato gobe. Kullum bukra. Na fake da sojojin da ke kwasar samari a kasuwar Suk al-Shabi. Suna kwasa kam, amma ba su suka hana ni ba. A makarantar da nake koyarwa ba wanda ya san ni Bahaushe ne, labari kuwa ba ya jiran mota. Kunyar wannan tana cina.

Bayan an tashi zaman makoki na je ajinka. Na ce, "Ina kwananku?" Yara suka kalli juna. Can wata yarinya a baya, Mairama, ta ce "Lafiya lau" kamar mai tsoron a kama ta. Na so in faɗa mata maganarka, sai na ji tawa muryar ma ba ta kai tata ba.

Ina miƙa ta'aziyyata ga matarka Hajja Saratu da Nana A'isha da Hausawan Dar Salam baki ɗaya. Allah ya jiƙanka, Ustaz, ya haskaka kabarinka, ya karɓi aikinka da fatanka duka biyu. Ni kuma ya yafe mini goben da na yi ta yi maka alkawari, har ta zo ba ka nan.