Baba Injiniya, Yi Dariya Mu Ji

Kafin kowa ya iso gidan rediyonmu, Baba Injiniya ya riga ya cire takalmi a ƙofar situdiyo, ya goge makirufo ɗaya bayan ɗaya da wani ƙyalle da ba ya ara wa kowa. Sai ya kunna kwamfuta, ya ɗora abin sauraro a kunne, ya zauna bayan gilashi yana jiran mu masu surutu. Sauran injiniyoyi in za su gwada murya, cewa suke a ƙirga ɗaya, biyu. Shi kam sai ya danna maɓalli ya ce, "Yi dariya mu ji."

Ranar da na fara gabatar da shiri na ce, "Baba, dariyar me? Ai ba a ba ni labari ba."

Ya ce, "'Yata, kowa da ladabi yake ƙirga. Sai an shiga shiri wani ya ba ki dariya ki fasa min makirufo. Gara in san iyakarki tun yanzu."

Ni kuwa Allah Ya hore min dariya, in na ƙyalƙyale har mai gadi sai ya leƙo. Baba ya dafe kai ya ce, "To, ke kam an gama auna ki."

Da aka kawo mana makirufo na dijital, murna har kunne. Ashe suna da nasu halin. In sauti ya fi ƙarfinsu sai murya ta fito kamar ana yaga zane. Baba ya nuna min a allon kwamfuta: ga muryata tana hawa da sauka, amma duk inda na ɗaga ta, kan ya yanke sumul kamar an aske shi. Bai ce a mayar da kaya ba. Ya riƙa sakar wa kowane makirufo wani fito, daga mai kauri har siriri mai huda kai, yana saurare har ya gano inda kowanne yake fara lanƙwasa sauti. Daga nan ya rubuta manhajar da ke miƙe lanƙwasar, tana kuma tare ƙara kafin ta kai jan layi. Mu dai sai muka ji masu sauraro na cewa muryarmu ta yi daɗi, muna ta fasa kai.

Wannan fiton ne ya ci kunnensa. Shekara da shekaru yana zuba shi a ka. Likita ya ce ya ajiye abin sauraron nan in yana son ragowar jinsa, mai ɗakinsa ma ta yi faɗa har ta gaji. Mun ga yana juyo mana da kunnen dama in muna magana, muka ɗauka tsufa ne, har tsokanarsa muke yi. Wallahi in na tuna sai zuciyata ta yi nauyi.

A wannan tsakanin ne wata dattijuwa ta zo shirin cigiya, tana neman ɗanta da ya bar gida tun yana saurayi. Baba ba ya nan, aka ɗauki muryarta a wani ɗaki da makirufon da bai auna ba. Da ta zo kiran sunan ɗan sai kuka ya ƙwace mata, muryar ta fashe, ba ka jin komai sai kwarakwacam. Aka ce a bari mai karanta labarai ya karanta saƙon kawai. Da Baba ya dawo ya ji, sai ya ce wa mai karanta labaran, "Ɗanta bai san muryarka ba, tata ya sani." Mai karanta labaran shaida ne, yana tsaye Baba ya mayar da abin sauraron da likita ya hana shi, ya ƙure ƙara, ya dinga cike wuraren da suka yanke ɗaya ɗaya, yana ji yana sakewa. Aka sa muryar a iska. Ba a yi mako ba ɗan ya kira waya yana kuka.

Kai ne wannan, Baba. Kai ne mai wanke muryar kowa, ba a taɓa jin taka a rediyo ba. Ka ba wata uwa ɗanta, ka biya da abin da ba a sayarwa a kasuwa. Mu da muke kwana muna tashi da kai, ko sau ɗaya ba mu ce ka huta ba.

Ranar bankwana, da zai ajiye aiki, muka ce yau kam sai ya shigo cikin gilashi an ɗauki muryarsa. Ya zauna a kujerata, mai ɗakinsa na gefe. Na koma kujerarsa a bayan gilashi na danna maɓalli na ce, "Baba Injiniya, yi dariya mu ji."

Yana ta kallona yana jira in yi magana.

Na sake faɗa da ƙarfi. Sai mai ɗakinsa ta dafa kafaɗarsa, ta matso dab da kunnen daman ta maimaita masa. Ya yi dariya sosai, har da buga tebur. Da muka kunna masa, bai karkata kai ba ma. Allon ya duba, ya bi layin da yatsa, ya ce, "Bai fashe ba. Da daɗi dai ko?"

Da daɗi, Baba. Mun gode, Allah Ya saka maka da alheri, Ya bar maka abin da ya rage. Masu tasowa, ku ɗauki haƙurinsa da tsoron ha'inci irin nasa, amma ku rage ƙara. Mu kuma masu surutu, mu riƙa waiwayar wanda ke bayan gilashi tun yana jin sannunmu.